Yadda ake yi wa gidan haya inshora: matakai ga mai gida da ɗan haya

Da an shiga hunturu gobara ta yawaita, ko damina ta yi nisa ruwa ya fara cin gidaje, tambayoyi iri ɗaya ne ke shigowa. Wani yana da gidan haya a Kano ko Kaduna, yana tambayar ta ina zai fara. Wata amarya ce aka kai ta gidan haya da kayan ɗaki na miliyoyi, tana so ta san ko inshorar da mai gidan ya ce ya yi ta haɗa da kayanta. Amsar da zan ba ta ita ce a'a, kuma a kan wannan amsar sauran bayanin zai ginu: inshorar mai gida ginin take karewa, kayan da ke ciki kuwa sai mai su ya yi musu tasa. A Satumba 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ruwa ya shiga Maiduguri, masu gidaje sun yi asarar katanga da ɗakuna, 'yan haya kuma sun yi asarar katifu, firji da buhunan abinci. Asara biyu ce daban, kuma takardar inshora biyu ce ke ɗaukarta.

Abin da ke tafe ya shafi yadda ake yi a Najeriya. Ga matakan a jere.

1. Ware naka daga wanda ba naka ba

Kamfani ba ya yi maka inshorar abin da in ya salwanta ba kai ne ka yi asara ba. Saboda haka kafin ka taka ofishin kowa, ka ɗauki takarda ka raba kayan gida biyu.

Na mai gida: ginin kansa, rufi da silin, tayil, ƙofofi da tagogi, wayarin wuta, bututun ruwa, kayan banɗaki, katanga da get, ɗakin mai gadi, rijiyar burtsatse da tankin ruwa. Na ɗan haya: gado da katifa, kujeru, kafet, labule, talabijin, firji, kayan kicin, sutura, janareto, keken ɗinki da duk abin da zai loda a mota ranar da zai tashi. A takardun kamfanoni za ka ga na farkon an rubuta masa Houseowner, na biyun kuma Householder. Ka riƙe sunayen nan saboda da su za ka tambaya.

Rigimar tana tsakiya. Ɗan haya ya sa sola a kan rufi da kuɗinsa, ya kafa na'urar sanyaya ɗaki, ya canza tayil ɗin falo, ya yi sabon kabad a kicin. Na wane ne? Abin da takardar haya ta ce shi ne. In ba ta ce komai ba, ku zauna da mai gida ko dillalinsa ku rubuta, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafi. Haka in gidan da kayansa aka ba da shi haya, kamar yadda ake yi a wasu unguwannin Abuja, kujeru da gadajen na mai gida ne, shi zai sa su a tasa takardar.

Gargaɗi ga magidanta: kayan ɗakin da iyayen amarya suka yi mata nata ne, kowa ya san haka. Takardu da yawa suna haɗa kayan iyalin da ke zaune tare da mai inshorar, amma kada ka ɗauka haka ne sai ka gani a rubuce. In babu, a sa sunan miji da na mata duka. In mata biyu ne ko uku a gida ɗaya, a rubuta kayan kowace daban, don kada rabon diyya ya zama wata fitinar.

Gargaɗi ga masu gidan gado: in ba a raba gado ba, kada ɗaya daga cikin magada ya yi inshorar da sunansa shi kaɗai kamar gidan nasa ne. A gaya wa kamfani gaskiyar lamarin, a sa sunan magada ko na wanda aka wakilta a rubuce.

2. San abin da doka ta ɗora maka

Dokar Inshora ta 2003, a sashe na 65, ta wajabta yin inshorar gine-ginen da jama'a ke amfani da su daga rushewa, gobara, girgizar ƙasa, guguwa da ambaliya, kuma ta lissafa gidajen da 'yan haya ke ciki da ɗakunan kwanan ɗalibai a cikinsu. A 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar gyaran harkar inshora wadda ta maye gurbinta, kuma ita ma ta ci gaba da wajabta inshorar irin waɗannan gine-gine. Ka bayyana wa kamfani fasalin gidanka, hawa nawa ne, mutum nawa ke ciki, ka nemi su gaya maka a rubuce abin da dokar ta hau kanka da shi.

Sai dai a lura, zuciyar wannan inshora ta dole ita ce haƙƙin wasu: wanda ya ji rauni, wanda ya rasu, ko wanda dukiyarsa ta lalace saboda gininka. Mai gida da ya yi ita kaɗai kada ya ɗauka za a sake gina masa gida. Ɗan haya ma kada ya jingina da ita, domin ba za ta biya shi ba sai an tabbatar alhakin abin da ya faru yana wuyan mai gidan.

3. Zaɓi inda za ka yi

Mutane da yawa a nan suke tsayawa, saboda maganar riba da rashin tabbas da malamai suka yi a kan inshorar da aka saba. Damuwa ce ta gaskiya, kuma akwai mafita. Hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful tun 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasisi irin su Jaiz Takaful, Noor Takaful, Salam Takaful da Hilal Takaful. Tsarin ya yi kama da asusun taimakon juna da 'yan kasuwar layi ɗaya ke yi: kowa ya zuba gudummawa da niyyar taimako, wanda masifa ta afka wa a biya shi daga asusun, kamfani kuma ya ɗauki ladan kula da shi. In shekara ta ƙare da rara, ana iya raba wani kaso ga waɗanda ba su karɓi diyya ba. Kowane kamfanin takaful yana da kwamitin malamai da ke duba ayyukansa. Wanda kuma ya zaɓi kamfanonin da aka saba, akwai Leadway, wanda a Kaduna aka kafa shi, akwai AIICO, AXA Mansard, Custodian, NEM da sauransu. Duk matakan da ke gaba iri ɗaya ne a ɓangarorin biyu.

Za ka iya zuwa kamfani kai tsaye, ko ka bi ta dillalin inshora mai rajista da ƙungiyarsu ta NCRIB. Ga mai gidaje da yawa na fi ba da shawarar dillali. Kamfani ne ke biyansa la'ada, ba kai ba, shi zai karɓo maka farashi daga wurare daban-daban, kuma ranar neman diyya shi ne zai yi zirga-zirgar.

Gargaɗi: ka shiga shafin NAICOM a intanet ka duba sunan kamfanin ko dillalin a jerin masu lasisi. Takardun bogi suna yawo, kuma ba a gane su sai ranar da aka je karɓar diyya.

4. Ƙiyasta kuɗin da za ka rubuta

Wannan matakin shi ne ya fi kowanne jawo kuka daga baya, don haka zan daɗe a kansa.

Mai gida, kuɗin da ake nema ba farashin da za ka sayar da gidan ba ne. Kuɗin sake gina shi ne daga tushe, da farashin kayan gini na yau. Fili ba ya ƙonewa, saboda haka ba a sa kuɗinsa. Gida a Nasarawa GRA ta Kano yana iya kai wa ɗaruruwan miliyoyi a kasuwa alhali yawancin kuɗin na filin ne. Wani gidan kuma a bayan gari, kuɗin gina shi ya fi abin da za a saye shi. Ka nemi ƙwararren mai ƙididdigar gini ko mai kimanta gidaje mai rajista ya rubuta maka rahoto. In gidan ƙarami ne kuma ba ka da halin haka, ka sa amintaccen ɗan kwangila ya yi maka lissafi dalla-dalla: bulo, siminti, rodi, katako, kwano, tayil, wayarin, ladan ma'aikata. Ka ƙara kuɗin kwashe ɓaraguzai da na injiniya, waɗanda mutane ke mantawa da su.

Dalilin wannan wahalar shi ne wani sharaɗi da ke cikin kusan kowace takardar inshorar dukiya. In ka rubuta ƙasa da ainihin kuɗin, za a rage maka diyya daidai da gwargwadon abin da ka rage, ko da asarar ba ta kai adadin da ka rubuta ba. Misali: sake gina gidanka zai ci naira miliyan 40, amma ka rubuta miliyan 20 don kuɗin da za ka riƙa biyan kamfani duk shekara ya yi sauƙi. Gobara ta cinye ɗakuna biyu, gyaransu miliyan 10. Kai a tunaninka za a biya ka duka, tunda 10 ba ta kai 20 ba. Kamfani zai ce rabin gidan ka yi wa inshora, rabin kuma kai ka ɗauka, don haka miliyan 5 za a ba ka. Ba zalunci ba ne a wajensu, a rubuce yake, kuma ka sa hannu.

Rubuta fiye da kima ma ba shi da amfani. Ba za a biya ka sama da asarar da ka yi ba, kuɗin shekara kawai ka ƙara wa kanka.

Gargaɗi: ƙiyasin bara ba na bana ba ne. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashin siminti, rodi da kwano ya yi tashin da kowane mai gini ya ji a jikinsa. Wanda ke sabunta inshora kowace shekara da adadin da ya rubuta shekaru uku da suka wuce ya faɗa cikin sharaɗin ragin nan ba tare da ya sani ba.

Ɗan haya, naka aikin ɗaki-ɗaki ne. Ka fara daga falo, ka rubuta kowane abu, shekarar da aka saya da kuɗin da zai ci in za a sayo shi yau. Ka ɗauki hoto da bidiyo da waya, ka buɗe durowa da kabad. Kayan wuta ka ɗauki hoton lambar da ke bayansu. Rasit ɗin da ke hannunka duka ka ɗauke su a hoto. Sannan ka tura komai zuwa imel ɗinka ko ka ajiye a Google Drive, ka kuma tura wa wani ɗan'uwa. Fayil ɗin da ke cikin durowar gado tare da gadon zai ƙone.

Mutane sukan lissafa talabijin da firji su manta da sutura. A gidan Bahaushe kuwa atamfofi, leshi, shaddoji da kayan lefe sukan fi kayan wuta kuɗi. Haka kwanuka da tangaran na jere. A ƙirga su.

Gwal yana da nasa hukuncin. Yawancin takardu suna da iyakar abin da za su biya a kan abu guda mai tsada in ba a ambace shi da suna ba. Hajiya, ki kai sarƙoƙi da awarwaro a auna, a rubuta miki giram da farashi a takardar shago, ki sa a jera su ɗaya bayan ɗaya a cikin takardar inshorar. Wasu kamfanonin za su nemi a ajiye su a akwatin ƙarfe mai makulli.

Tambaya ɗaya da dole ka yi: in kaya suka ƙone, sabo za a biya ko za a cire tsufa? Takardun sun bambanta, kuma bambancin a kan firjin da ya shekara shida ba kaɗan ba ne.

5. Zaɓi haɗurran da za a ɗauka

Tushen takardar shi ne gobara, tsawa da fashewar tukunyar gas ta girki. A kan wannan ake ƙara ambaliya, guguwa, fashewar bututu ko tanki, mota ta daki gini, tarzoma da ɓarnar ganganci. Ka tabbata an rubuta ambaliya da sunanta. Wanda ke zaune kusa da kogi, kamar mutanen Haɗeja da Ringim, ko a unguwar da magudanan ruwa ke toshewa duk damina, wannan shi ne babban abin da ya kawo shi.

Mai gida ya ƙara abu biyu. Na farko asarar kuɗin haya: in gobara ta tashi mutane daga gidan, za a biya ka hayar watannin da ake gyara. In kana da sassa huɗu kowanne naira 800,000 a shekara, miliyan 3.2 ke nan za ka rubuta na shekara guda. Na biyu haƙƙin wasu, wanda aka yi bayani a mataki na 2: katangarka ta faɗa wa yaron maƙwabci, ko silin ya rufto wa ɗan haya.

Ɗan haya ya ƙara uku: sata, kuɗin wurin zama na wucin gadi in gidan ya ƙi zaunuwa, da alhakin ɓarnar da zai iya yi wa ginin. Wannan na ƙarshen mutane ba sa ba shi muhimmanci. In aka bar hita a jone aka fita, wuta ta dawo gida ya kama, kamfanin mai gida zai biya mai gida, sannan yana da damar juyowa ya nemi kuɗinsa daga wanda sakacinsa ya jawo gobarar. Kuɗin ajiyar da ka bayar lokacin kama haya ba zai je ko'ina ba a irin wannan.

Ga abubuwan da galibi ba a biya, ka san su tun yanzu. Yaƙi da ta'addanci, sai in an saya musu kariya ta daban. Tsufan gini, tsagewar bango a hankali, yoyon da aka bari shekara da shekaru, da cin gara. Na'urar da wutar lantarki mai ƙarfi ta ƙona ita kaɗai, kodayake in daga gare ta gobara ta tashi ta kama sauran kaya, ana biyan sauran. Tsabar kuɗi, sai ɗan abin da aka ƙayyade. Mota da babur, waɗanda ke da tasu inshorar. Ɗan hayan da ya ƙi biyan haya, wannan tsakaninku ne da kotu. Takardu da yawa kuma suna cire katanga da get daga ɓarnar guguwa da ambaliya, alhali a garuruwanmu katanga ce ke fara faɗuwa, don haka ka tambaya musamman.

Gargaɗi a kan sata: abin da ake biya shi ne satar da aka fasa aka shiga ko aka fasa aka fita, ko aka yi da makami. In an bar ƙofa a buɗe, ko ɗan aiki ko wani na gida ne ya ɗauka, yawanci ba a biya.

6. Cika fom da gaskiya

Za a ba ka fom mai tambayoyi. Da me aka yi ginin, bulo ko ƙasa? Rufin kwano ne ko dakin, wato na kankare? Me ake yi a gidan? An taɓa gobara, sata ko ambaliya? Akwai mai gadi? Ka zo da katin shaida, takardar mallakar gida in kai ne mai shi, takardar haya in ɗan haya ne, rahoton ƙiyasi ko jerin kaya, da hotuna. In gidan babba ne kamfani zai turo wanda zai duba.

Duk abin da ka ɓoye a nan makami ne ka miƙa wa kamfani ranar biya. Abubuwan da aka fi ɓoyewa a wajenmu sanannu ne: jarkokin fetur da ake ajiyewa saboda janareto ko sayarwa, shagon da aka fasa a jikin gida ana cika gas ko walda, injin markaɗe a zaure, firiza uku na sana'ar ƙanƙara da zoɓo, ɗakin da aka mai da sito. Ba laifi ba ne yin sana'a a gida, faɗa ne ya zama dole. Wataƙila kuɗin ya ɗan ƙaru, amma takardar za ta yi aiki. Sola da batiranta ma a ambace su, da wanda ya haɗa su.

Gidan ƙasa irin na cikin birni wasu kamfanonin ba sa karɓa, wasu kuma suna karɓa da tsada. Kada ka rubuta bulo don an yi wa ginin shafen siminti. Mai tantance asara, wanda kamfani ke turowa in abu ya faru, zai gani da idonsa.

Kada ka bar wani ya cika maka ka sa hannu ba ka karanta ba. In Turancin ya yi maka nauyi, ka je da wanda zai fassara maka layi-layi, ka kuma ɗauki hoton fom ɗin bayan an cika.

7. Kwatanta farashi, sannan ka biya

Ana lissafa kuɗin shekara ne a matsayin wani kaso na adadin da ka rubuta, kuma ga gidan zama na bulo yawanci bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A ce, don misali kawai, kamfani ya ba ka kashi 0.25 cikin 100 a kan gidan miliyan 40: naira 100,000 ke nan a shekara. Ɗan haya mai kayan miliyan 6, in aka ba shi kashi 0.5 saboda an haɗa da sata, zai biya naira 30,000. Ainihin kason ya danganta da irin ginin, unguwa, abin da ake yi a ciki da haɗurran da ka zaɓa.

Ka karɓi farashi daga wurare uku, amma kada ka tsaya a kan adadin ƙasa kawai. Ka duba kason da kai za ka ɗauka a kowace asara kafin kamfani ya fara biya. In an rubuta naira 100,000 ne, kuma ɓarnar ta 150,000 ce, 50,000 za ka karɓa. Takarda mai arha sau da yawa a nan take ɓoye tsadarta.

Gargaɗi: a dokar Najeriya in ba a biya kuɗin inshora ba, babu inshora. Alkawarin "zan turo gobe" ba ya ɗaukar gobarar daren yau. Ka biya ta asusun banki mai sunan kamfanin ko na kamfanin dillalin, kada ka tura asusun wani ma'aikaci komai sabon da kuka yi, kuma ka karɓi rasit.

Mai gida yana iya shigar da kuɗin inshorar ginin cikin haya. In zai yi haka ya faɗa a takardar haya, kuma ya kamata ya nuna wa 'yan haya shaidar ya biya.

8. Karanta takardar, ka kiyaye sharuɗɗanta

Da takardar ta zo ka duba suna, adireshi, adadin kuɗi, ranar farawa da ranar ƙarewa. Kuskuren lambar gida kaɗai yana iya jawo dogon jinkiri. In ka ga kuskure ka mayar a gyara a rubuce.

Sai sharuɗɗa. Takardu da yawa suna dakatar da wasu kariyar, musamman ta sata, in gida ya zauna babu kowa fiye da wasu kwanaki, galibi 30. Wannan ya shafi mai gidan da ɗan haya ya tashi bai samu wani ba, ya shafi ɗan hayan da ya rufe gida ya tafi aikin Hajji ko ya kwashe iyali zuwa ƙauye hutun makaranta. Ka sanar da kamfani kafin tafiya. In takardar ta ce a ajiye tukunyar kashe gobara, a saya, a kuma riƙa duba ranar ƙarewarta. In ka faɗa akwai mai gadi, to ya kasance akwai shi.

Duk wani canji a sanar: ƙarin hawa, sabon ɗan haya mai sana'a, sayen sabbin kaya masu tsada. Ɗan haya in ya tashi, inshorarsa ba ta bin sa sabon gida da kanta, sai an canza adireshi. Ka sa ranar sabuntawa a wayarka da tazarar wata guda.

9. In abin ya faru

Rai ne farko. A fitar da mutane, a kashe wuta daga mita, a kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa 112. Bayan nan a yi abin da za a iya don kada ɓarnar ta ƙaru, kamar janye kayan da suka tsira da rufe inda rufi ya yaye.

A ranar ko washegari ka sanar da kamfani ko dillali, ta waya sannan a rubuce. Kowace takarda tana da wa'adin sanarwa, kuma jinkiri hujja ce ta ƙin biya. Ka ɗauki hotuna da bidiyo kafin a taɓa komai. Gobara tana buƙatar rahoton hukumar kashe gobara, sata kuma rahoton 'yan sanda.

Gargaɗi: a al'adarmu maƙwabta da 'yan'uwa sukan taru nan take su share wuri su kwashe toka, don taimako da jaje. Ka gode musu, ka roƙe su su dakata. Ƙonannen firji da ƙarfen gado da ƙofar da aka ɓalle su ne shaidarka. Kada a zubar, kada a sayar wa 'yan gwangwan, kada a fara gyara sai mai tantance asara da kamfani zai turo ya zo ya gani. In akwai gyaran da ba zai jira ba, ka nemi izini a rubuce ka ajiye rasit.

Za a ba ka fom ɗin neman diyya. Ka haɗa shi da jerin kayan da ka yi a mataki na 4, rasit, hotunan da da na yanzu, da ƙiyasin gyara daga ɗan kwangila. Kada ka ƙara ko abu ɗaya da ba ka da shi. Ƙarya a abu guda tana iya rushe neman gaba ɗaya. In wani ne ya ji rauni ko kayansa suka lalace, ka yi masa jaje ka taimaka a kai shi asibiti, amma kada ka yi alkawarin biya ko ka sa hannu a wani sulhu kafin kamfani ya sani.

Mai gida da ɗan haya kowa kamfaninsa zai nema, kowa da fom ɗinsa, ko da rahoton hukumar kashe gobara ɗaya ne.

Bayan tantancewa za a kawo maka tayin adadin da za a biya da takardar amincewa. Ka nemi a nuna maka yadda aka yi lissafin: me aka cire na tsufa, me aka cire na kasonka, an yi ragin ƙarancin ƙiyasi ko ba a yi ba. Sa hannu a wannan takardar yana nufin ka yarda magana ta ƙare, don haka kada ka sa sai ka gamsu.

10. In an ƙi biya ko ana ja maka rai

Ka nemi dalilin a rubuce, tare da sharaɗin da suka dogara da shi. Ka rubuta ƙorafi ga shugabancin kamfanin, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. In ta dillali ka bi, wannan aikinsa ne, ka tsaya a kansa ya yi. In ba a warware ba, ka kai ƙorafi sashen karɓar koke-koke na NAICOM, wadda hedikwatarta ke Abuja, ka haɗa da kwafin takardar inshora, rasit ɗin biya, fom ɗin neman diyya da duk wasiƙun da kuka yi musaya. Ka duba takardarka kuma ko ta tanadi zaman sasanci kafin kotu, da wa'adin da ta ba ka na ɗaukar mataki bayan an ƙi biya, domin in ya wuce ka ba lauya aiki mai wuya.